Shure BLX24/SM58: Makirufo Maras Waya a Hannun Mawaƙin Biki

Mawaƙin da ke wasa a gaban jama'a a ƙasar Hausa ba kasafai yake tsayawa wuri ɗaya ba. Zai sauko daga dandamali ya nufi teburin iyayen amarya, ya durƙusa gaban babban baƙo yana jero masa kirari, sannan ya koma tsakiyar fili inda ake yi masa liƙi. Waya ba ta barin mutum ya yi wannan zirga-zirga, shi ya sa makirufo maras waya ya zama kayan aiki na dole ga mawaƙa, masu gabatar da taro da sanƙirori. Wanda zan yi magana a kai shi ne BLX24/SM58 na kamfanin Shure, kuma ra'ayina a taƙaice shi ne ya cancanci kuɗinsa ga wanda waƙa ce sana'arsa, amma ba ya yafe wa mai sakaci da riƙo ko da wurin ajiye akwatinsa.

Kamfanin Shure na Amurka ne, an kafa shi a Chicago a 1925, kuma a 1966 ya fitar da makirufon SM58 mai waya, wanda har yau yana cikin waɗanda aka fi gani a hannun mawaƙa a duniya. Abin da aka yi a wannan samfurin shi ne an ɗora kan SM58 bisa mariƙi mai aika murya ta iska. Idan ka buɗe kwali za ka tarar da makirufon, da ƙaramin akwatin karɓar murya mai suna BLX4, da abin jona shi da wuta, da mariƙin da ake ɗaurawa a sanda, da batir biyu masu girman AA. A bayan akwatin akwai mafita biyu, ta filogi mai haƙora uku da ta filogin jita, don haka yana shiga kusan kowace mikisa ko lasifika mai ƙarfin kanta.

Muryar ita ce babbar hujjar sayensa. Kan SM58 yana ɗaukar sauti daga hertz 50 zuwa 15,000, wato daga mai kauri zuwa siriri a ma'aunin sauti, kuma an ɗan ɗaga tsakiyar sautin inda harufa ke fitowa, ta yadda kalmomi ba sa nutsewa a ƙarƙashin kiɗa. Wannan yana da muhimmanci ga waƙar Hausa fiye da yadda ake zato, domin mutanenmu baiti suke saurare, kuma wanda ake yi wa waƙa yana son ya ji sunansa da na kakansa sun fita tar a cikin ƙarar kalangu ko ta fiyano. Makirufon yana ɗaukar abin da ke gabansa, ya rage na gefe, ya ƙi na baya, saboda haka ganguna ba sa cika shiga cikin muryar mawaƙi matuƙar bai juya musu kan makirufon ba. Idan aka kusantar da shi ga baki murya takan yi kauri, idan aka ja shi baya ta sirance, kuma gwanin mawaƙi yana amfani da wannan wajen bambanta sanyin baiti da tashin amshi. Gaskiya ne wanda ya saba da SM58 mai waya zai ji ɗan bambanci, domin ana matse sautin kafin a aika shi ta iska sannan akwatin ya sake buɗe shi, amma a ɗakin taro mai cike da hayaniya babu baƙon da zai lura. Babu kuma jinkiri tsakanin furuci da fitowar murya a lasifika.

Inda nake son na daɗe shi ne batun riƙo, saboda yawancin ƙorafin da ake yi a kan wannan makirufo daga tafin hannu yake fitowa. Matasan mawaƙa da yawa sun ɗauki ɗabi'ar dunƙule kan makirufon da hannu, suna ganin hakan ya fi ƙayatarwa a hoto. A ƙasan kan akwai ƙofofin da iska ke bi ta baya, kuma su ne ke ba shi ikon ƙin sautin da ba na gabansa ba. Da zarar tafi ya toshe su sai ya koma yana ɗauka daga kowace kusurwa, murya ta toshe kamar mai magana a cikin tulu, kuma nan take lasifika ta fara kuwwar nan mai huda kunne da ke sa tsofaffi su toshe kunnuwansu. Sai a juya a harari mai kula da sauti, alhali ba shi da laifi. Akwai kuma kishiyar wannan, wato masu riƙe shi daga can gindi, inda eriyar da ke aika murya take ɓoye. Jikin ɗan'adam yana shanye irin wannan igiyar rediyo, don haka hannun da ya rufe gindin yana rage nisan da muryar za ta kai. Tsakiyar mariƙin ne wurin hannu, kan kuma ya kalli baki kai tsaye da tazarar yatsu biyu ko uku, ba a ajiye shi a ƙirji ba yadda wasu masu jawabi suke yi.

Kamfanin ya ce makirufon yana kai mita 91, wato ƙafa 300, amma wannan lissafi ne na fili wanda babu abin da ya shiga tsakani. A lokacin liƙi, lokacin da mutane suka yi wa mawaƙi zobe, jikinsu yana tare siginar, kuma idan akwatin yana ƙasa a bayan lasifika ko an tura shi cikin akwatin ƙarfe, murya za ta riƙa yankewa tun ba a yi rabin wannan nisa ba. Maganin ba ya cin ko kwabo: a ɗora akwatin sama da tsayin kawunan mutane, ya fuskanci fili, a nesanta shi da ƙarfe, da kwamfuta, da allon nan mai haske da ake kafawa a bayan amarya da ango. A nan ne raunin BLX4 yake, domin eriyoyinsa biyu a cikinsa suke, ba a iya ciro su a kai su wani wuri mai tsayi. Wanda yake yawan aiki a manyan ɗakunan taro ko filin wasa gara ya ƙara kuɗi ya sayi BLX4R, mai eriyoyi a waje da allon da ke nuna ƙarfin sigina.

Saita shi ba wuya. Ana danna maɓalli a akwatin ya laluba ya zaɓi tashar da babu cunkoso, ya nuna harafi da lamba, sai a kwance murfin batir na makirufon a daidaita nasa da hannu. Rashin hanyar da za su daidaita kansu da kansu ƙaramin aibi ne, sai dai yana ɓata lokaci idan aka tilasta sauya tasha ana tsakiyar wasa. Mawaƙin da ke da 'yan amshi, wanda zai yi amfani da uku ko huɗu, ya sa su duka a harafi ɗaya da lambobi daban-daban, kuma ya bar na farko a kunne kafin ya laluba wa na biyu. A wajen murfin maɓallin kunnawa da kashewa kaɗai ne, wanda nake gani alheri ne, domin makirufon da ke yawo daga hannun mai gabatarwa zuwa na ƙanwar ango ba ya buƙatar abin da za a latsa bisa kuskure. Ga mai murya mai ƙarfi akwai damar rage ƙarfin ɗauka da desibel 10 a ma'aunin ƙarar sauti idan fitilar akwatin ta fara nuna ja.

Batir biyu na alkalin suna kai awa 14 bisa faɗar kamfanin, wanda ya ishi kamu da dina. Batir mai arha irin na tocila ba ya kusantar haka, kuma fitilar makirufon ba ta komawa ja sai saura ƙasa da awa ɗaya. Akwatin kuwa, tunda janareta ne abokin aiki a yawancin wuraren biki, ya kamata a jona shi ta sitabilaiza.

Mariƙin na roba ne, ba ƙarfe ba, kuma duk da ragar kan tana jure faɗuwa, tana lotsawa ta kare abin da ke ciki, ban ga alamar jikin zai jure irin wahalar da SM58 mai waya ke sha ba. Ba a kuma iya sauya masa kai da wani. Ragar tana kwancewa, don haka a lokacin hunturu, da ƙura ke cika soson da ke ciki, sai a wanke ta da ruwa da ɗan sabulu a bar ta ta bushe sarai kafin a mayar.

Abu biyu mai saye zai duba kafin ya miƙa kuɗi. Na farko shi ne jabu, domin sunan Shure yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, har kwali da tambari, kuma duk wanda aka yi wa farashin da ya yi ƙasa sosai da na dillalan da kamfanin ya amince da su ya san abin da ake miƙo masa. Na biyu shi ne zangon igiyar rediyon da muryar ke bi, da aka rubuta da megahaz a jikin akwatin, wanda ba ya sauyuwa bayan saye. Amurka ta hana amfani da makirufo maras waya a zangon megahaz 700 tun 2010, sannan ta rufe mafi yawan zangon 600 a 2020, saboda an ba kamfanonin waya wurin. Wannan ya sa mai sayen wanda aka riga aka yi amfani da shi, na kowane kamfani, ya kamata ya karanta lambar da kyau, domin a Najeriya ma kamfanonin sadarwa suna amfani da zangon 700 da 800 wajen intanet na wayar salula, kuma makirufon da ya faɗa can zai yi ta fama da shashsheƙa a wurin da kowa ke riƙe da waya. Na zangon 500 ya fi kwanciyar hankali, ko da yake a nan tashoshin talabijin suke, shi ya sa ake sake lalubo tasha a duk sabon garin da aka je.

Wanda ke bin bakin waƙar da aka riga aka ɗauka a situdiyo ba ya buƙatar kashe wannan kuɗi, tunda muryarsa ba ta makirufon take fita ba, kowane mai arha zai yi masa. Wanda ke rera waƙa da bakinsa, ko mai gabatarwar da zai kwashe awanni yana magana, shi ne zai ci moriyarsa. Idan yana son ya gwada da wani kafin ya yanke shawara, ya nemi XSW 1-835 na kamfanin Sennheiser na Jamus, wanda muryarsa ta ɗan fi kaifi, ya saurari biyun da lasifika ɗaya da muryarsa ta kansa. Ni dai ga mai murya siririya mai tashi, na Shure zan zaɓa.