Manhajar poka da na yi wata tara a kanta: sakan 15 take ƙirga maka, awanni kuwa ba ruwanta

Jama'a barkanmu da war haka. Akwai wani ƙanena da muke aiki tare a sito nan Manchester, kwanakin baya ya ganni ina danne-danne a waya lokacin hutun cin abinci, ya leƙo ya ce "Yaya wannan wace ap ce, ana samu kuwa?" na ce masa ya bari sai na zauna dan amsar ba ta tsaye bace. To yau na zauna. Sunan kamfanin ba zan faɗa ba, ɗaya ne dai cikin masu lasisin hukumar kula da caca ta ƙasar nan, kuma bana so wani ya je ya sauke ta ta dalilina. Wata tara na yi a kanta, waya da laftop. In tauraro biyar ake bayarwa to biyu zan bata, biyun ma albarkacin biyan kuɗi ne.

Nasan abin da ke bakin wasu, caca haramun ce. Na sani wallahi, tun ina Islamiyya na sani, kuma ban taɓa yaudarar kaina cewa wannan daban take ba. Abin da ya ja ni labarin Chris Moneymaker ne da na gani a bidiyo, wani akawu ɗan Amurka da ya shiga ƙaramar gasa ta intanet a 2003, ta kai shi babbar gasar duniya a Las Vegas ya doke mutum 838 ya tafi da dala miliyan 2.5. Duk wanda ka gani a teburin nan da irin wannan labarin a ransa ya zo.

Ga wanda bai san wasan ba, ba irin whot ɗin da muke bugawa a majalisa bane. Sunansa Texas Hold'em, ana ba kowa kati biyu a rufe, a jera biyar a tsakiyar tebur a hankali, kai da sauran mutane kuke karawa ba da kamfani ba. Kamfani nasa kamasho ne, in ka biya fam 11 kuɗin shiga gasa, 10 ta tafi asusun kyauta 1 tasu ce, ka ci ko ka faɗi. Shi yasa su abin da suke buƙata a wajenka zama ne kawai, ka daɗe.

Bari in fara da abin yabo dan a yi adalci. Cire kuɗi ba wahala, sau shida na cire kuma bai taɓa wuce kwana uku ba. Sun tantance ni da fasfo da takardar adireshi tun farko, ba su jira sai na ci ba sannan su fara kawo ƙa'idoji. Katin bashi ba sa karɓa, wannan kuma doka ce tun 14 ga Afrilun 2020, da kuɗinka na cikin akawun kaɗai za ka yi wasa. Tebur ɗin ma yana da kyan gani, rubutun ya fito, ko a ƙaramar waya kana gane katinka. Nan yabona ya tsaya.

Matsala ta farko afdet. Babu wani lokacin da suke zaɓa, ka dawo aiki ka yi rajistar gasar ƙarfe 7 tun da rana, bakwai saura minti uku ka buɗe laftop sai ta ce sai ta sabunta kanta, ba maɓallin "anjima", ka zauna kana kallon layin nan yana tafiya kamar hawainiya, wani lokacin ya kai kashi 90 ya tsaya cak sai ka kashe ka sake kunnawa. Gasa kuma ba ta jiran kowa. Kujerarka tana nan, ana raba maka kati ana zubarwa, kuɗin dole da kowa ke sakawa in zagaye ya zo kansa ana ta cira daga cips ɗinka, wato 'yan kwabban wasa da ke madadin kuɗi a tebur, kai baka nan. Sau uku hakan ta same ni a wata ɗaya.

Ta biyu kuma ita ce ta fi ci min rai, daskarewa. In wasa ya zo kanka sakan 15 gareka ka yanke shawara, sai wani ɗan ƙarin lokaci na ajiya da suke baka, in ya ƙare manhaja ta zubar maka da kati da kanta. Wani daren Lahadi na kai awa biyar a gasa, mun fara mu fiye da dubu biyu an rage saura kamar 40, sai aka bani katin A guda biyu. Wanda ya san wasan ya san ba hannun da ya fi wannan, sau ɗaya yake zuwa a cikin rabo 221. Wani ya tura duk abin da ke gabansa, ni kawai in danna in amsa, na kai yatsa sai sikirin ya sandare, ɗan da'irar nan ta fara juyawa, "ana sake haɗawa". Wayafai ɗina lafiya lau, na buɗe YouTube a gefe yana tafiya ba gargada. Na ɗauko waya da sauri in shiga ta can sai ta ce akawun ɗina a buɗe yake a wata na'ura, in jira. Ina jin ƙarar agogon nan tana tik tik ta sifikar laftop amma hoton baya motsi. Da ta dawo an riga an zubar, an raba wani. Na zauna hannuna yana rawa, madam ta fito daga ɗaki ta ce "Abban yara lafiya?" na kasa ce mata komai.

Na yi wa kastoma kiya magana a daren. Da farko injin amsa ne ya yi ta zagaye dani, daga baya mutum ya zo, mai ladabi gaskiya, amma abin da ya faɗa shine a wajensu ba su ga matsala ba, in duba intanet ɗina, in goge ap in sake saukewa. Na tura hoton sikirin da lokaci da lambar tebur, bayan kwana huɗu imel ya zo cewa sharuɗɗan da na amince da su sun ce katsewar layi ba alhakinsu bace. Kuma haka ne, yana rubuce, na koma na karanta. In sabar su ce ta faɗi gaba ɗaya kowa ya fita, nan suna soke gasa su raba kuɗi, wannan ya faru sau ɗaya sun biya. Amma in kai kaɗai ta jefar ko ku ƙalilan, to babu yadda za ka tabbatar, maganarka ce da tasu, kuma rikodin ɗin a hannunsu yake.

Sauran ƙananan abubuwa suna da yawa. In ka buɗe tebur huɗu laftop ta ɗau zafi fanka tana ihu, tebur ɗaya ya faɗo kan ɗaya daidai lokacin da za ka danna sai ka danna a inda baka nufa ba, na taɓa tura rabin cips ɗina a haka da katin banza. A waya kuma batir kamar ana zuƙa, kira yana shigowa tebur ya ɓace.

To maganar kiran nan ita ta kawo ni ga abin da ya sa na ce sai na rubuta. Duk waɗancan matsalolin na manhaja in na haɗa asarar da suka ja min ba ta kai fam 200 ba. Abin da ta ci min na gaske lokaci ne, kuma a nan ba kuskure ta yi ba, aikinta take yi daidai yadda aka ƙera ta. Gasa tana da lokacin farawa amma ba ta da lokacin tashi. In ka faɗi da wuri ka huta, in kana ci kuwa kai da barci sai biyu ko uku na dare, wato ranar da ka yi wasa mai kyau ita ce ranar da ka fi wahala, ga shif ɗina ƙarfe 6 na safe, biyar saura kwata nake tashi. Kuma kusan mutum 15 cikin ɗari ne kawai ke samun wani abu, akasarinsu ninki biyu na kuɗin shiga ko ƙasa da haka, manyan kuɗin suna teburin ƙarshe. Sai ka yi awa biyar ka tashi da ribar fam 9. Kana faɗuwa kuma kafin ka numfasa wani akwati ya buɗe, ga wata gasa ana kan rajista, danna ɗaya ka shiga, akwatin da zai ce maka malam ka yi awa shida fa ban taɓa ganinsa ba. Agogo yana nan ɗan mitsitsi a lungu, launin toka, sai ka neme shi.

Hutu minti biyar ne duk awa, in saura minti biyar awa ta cika. A cikin minti biyar ɗin nan za ka shiga banɗaki, ka yi alwala, ka yi sallah. Na yi hakan ba sau ɗaya ba, ina sujada kunnena yana kan laftop ko an dawo. Lokacin bazara a nan magariba tana kaiwa tara da rabi na dare, daidai tsakiyar wasa kenan, isha'i kuma wajen 11, asuba tun kafin huɗu, ka lissafa da kanka me ya rage. Ayar Ma'ida ta 91 da ta ce giya da caca suna kange mutum daga ambaton Allah da sallah na haddace ta tun ina yaro, amma sai a falon nan na ga yadda kangewar take.

Ranar da abin ya tsaya min a wuya wata Lahadi ce cikin hunturu. Hajiya tana kirana duk Lahadi da daddare daga Kano ta WhatsApp, lokacin sanyi suna gabanmu da awa ɗaya, so takwas ɗinmu tara ɗinsu ce, ta gama shirin kwanciya kenan. Ina kan waya ina wasa, hoton ta ya fito a sikirin ya rufe min tebur, wasa a kaina yake, agogo yana tafiya. Na katse. Ta sake kira na sake katsewa. Na ce in an yi hutu zan kira, hutu ya zo na manta, sai wajen ɗaya na dare bayan na faɗi na ga ta bar saƙon murya, sakan 20 ne, ta ce "Babana na ga kana aiki ne ko, Allah Ya yi albarka, Allah Ya ba da sa'a, ka kula da cin abinci." Na saurara ya fi sau biyar a kicin a tsaye. Ita a ranta ina wajen neman halak ne har take sa min albarka a kai.

Washegari na shiga setin ɗin waya inda take nuna awannin da ka yi a kowace ap, satin nan kaɗai awa 31, banda na laftop. Na ɗauko littafin da nake rubuta shiga da fita na haɗa wata tara, riba ta fam 140 da 'yan kai. A Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya koma fam 12.21 a awa, wato duk abin da na ci a wata tara bai kai ladan aikin awa 12 ba, shif ɗaya da rabi. Kuma ni ina cikin waɗanda ba su yi asara ba fa. Oba taim nawa na ƙi karɓa ranar Asabar dan in huta in yi wasa da dare, ban ma iya ƙirgawa ba.

Suna da kayan taƙaita kai, kar in yi musu ƙarya. Akwai iyakar kuɗin da za ka zuba a rana ko sati, in ka rage ta nan take take aiki, in za ka ƙara sai ka jira awa 24, wannan tsari ne mai kyau. Akwai kuma hutun dole, kwana ɗaya ko sati ko wata. Sai dai duk suna can ƙasan menu sai ka shiga ɗaki uku kafin ka same su, maɓallin zuba kuɗi kuwa kore shar a saman kowane shafi. Sannan iyakar kuɗi ba ta magance matsalata ba, da fam 11 ɗaya tak zan iya cinye dare guda. Na gwada alam a waya, na gwada cewa gasa ɗaya kawai a sati, na gwada hutun sati ɗaya, yana ƙarewa ranar na koma. Alam zai yi ƙara kana tsakiyar gasa da cips a gabanka, wa zai tashi ya bar su?

Abin da ya yi min aiki GAMSTOP ne, wani tsari na rufe wa kanka shafukan cacar intanet. Kyauta ne, ka sa sunanka da ranar haihuwa da adireshi da imel, ka zaɓi wata 6 ko shekara 1 ko shekara 5, tun ƙarshen Maris 2020 dole ne duk kamfanin cacar intanet mai lasisin Birtaniya ya kasance a ciki, so ba ap ɗaya kake rufewa ba dukkansu ne, kuma ba a janyewa sai wa'adin ya cika ko da ka yi nadama da safe. Ni shekara 5 na danna. Na kuma kunna makullin caca a ap ɗin bankina, shi ma in za ka cire sai ka jira kwana biyu. A sani dai wannan na mazauna nan ne, shafukan da ba su da lasisin ƙasar nan bai shafe su ba, dan haka wanda ke gida Najeriya ko Nijar ba zai amfane shi ba.

Ƙanena, ka tambaye ni ana samu kuwa, lissafina kenan na baka da littafina a gabana, in kana so in kawo maka shi sito gobe ka duba da idonka. Kwana ɗaya bayan rajistar na gwada shiga akawun ɗin dan in tabbatar, ya ƙi buɗewa. Ragowar fam 63 da ke ciki sun turo min ita banki ranar Alhamis.