Haɗa gahawa a mota mai ɗaki: me ya kamata ka saya kafin ka kama hanya?

Wanda ya saba buɗe ido da kofin gahawa ba ya barin sabonsa don kawai ya koma kwana a mota mai ɗaki. Kicin ɗin ne yake canzawa. Ruwanka shi ne wanda ke cikin tanki, wutarka ita ce wadda ke cikin batir, kuma duk abin da ka saya zai yi ta karo da maƙwabcinsa a cikin durowa tsawon ɗaruruwan kilomita. Saboda haka na'urar da ta fi kowace daɗin gahawa a kan kantar gida tana iya zama wadda za ta fi ba ka wahala a hanya.

Shawarata tun farko ita ce ka raba aikin gida biyu. Ka dafa ruwa a buta kan murhun gas na motar, sannan ka haɗa gahawar da wani abu na hannu wanda ba ya neman lantarki, ba ya fashewa, ba ya cin ruwa wajen wankewa. Masu son injin lantarki suna da hujjarsu, don haka bari mu fara da su.

Lissafin wuta

Injin kafso irin na Nespresso, wanda ake saka masa garin gahawa a ɗan rufaffen ƙoƙo na kofi ɗaya, da injin da ke ɗiga gahawa cikin tulu, da butar lantarki, duk aikinsu na farko ɗaya ne: zafafa ruwa da sauri. Zafafa ruwa kuwa yana jan wuta sosai. Yawancin waɗannan injina suna neman wat 1,000 zuwa 1,500, butar lantarki ta Turai ma takan kai wat 2,000 ko fiye. Batirin ɗakin motar bolt 12 ne, don haka sai an bi ta inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida, kafin su tashi.

Ga inda mutane da yawa suke ruɗewa. Jimillar wutar da ake ci ba ta da yawa: tafasa lita ɗaya ta ruwa daga digiri 20 zuwa 100 yana cin kusan wat-awa 93, alhali batir mai amfiya-awa 100 yana ɗauke da kimanin wat-awa 1,200. Matsalar tana wurin ƙarfin ja a lokaci guda. Injin wat 1,500 a kan bolt 12 yana jan amfiya 125, har da ɗoriya idan aka lissafa abin da inbata ke ɓatarwa. Wannan yana buƙatar inbata babba, wayoyi masu kauri, fiyus da ya dace, da batirin da zai jure. Batirin litiyom mai girma yana iyawa. Batirin darma na gargajiya guda ɗaya yakan durƙusa, inbata ta yi ƙara ta yanke, ga shi dama rabin abin da ke cikinsa kaɗai ake so a taɓa idan ana son ya yi ƙarko. Injinan kafso kuma suna da ƙananan na'urori a ciki waɗanda suka fi son inbata mai tsabtatacciyar wuta irin ta gida. Idan ka haɗa kuɗin duk wannan, za ka ga ba injin gahawa kake saye ba, sabon tsarin lantarki kake ɗora wa motar.

Idan kuwa kai mai kwana ne a zangon motoci inda ake jona wuta kullum, injin kafso ba laifi: ka danna, cikin minti ɗaya ka samu kofinka, babu wanke-wanke. Sai dai ka duba ƙarfin wutar zangon. A Turai akwai zangunan da amfiya 6 kawai suke bayarwa a kan bolt 230, wato wat 1,380. Ka jona butar wat 2,000 a nan, nan take wuta ta ɗauke, ka fita da sanyin asuba neman akwatin makunni. Ka kuma tuna kafso da ka yi amfani da su shara ne da za ka yi ta yawo da ita, kuma ba kowane ƙaramin gari ake samun irin na injinka ba.

Akwai wasu ƙananan injina da ake jonawa a soket ɗin kunna sigari, ana tallarsu da sunan na matafiya. Waɗannan ban ba kowa shawarar saye ba. Soket ɗin wat 120 zuwa 180 yake bayarwa. Da wat 150, tafasa rabin lita zai kai kusan minti 20 ko da babu zafin da ya tsere, kuma kullum yana tserewa. Araha ba ta ado.

Abubuwan hannu

Wanda na fi amincewa da shi ga mutum ɗaya ko biyu shi ne AeroPress, wanda wani injiniya Ba'amurke, Alan Adler, ya fito da shi a 2005. Kamanninsa kamar ƙaton sirinji na roba. Kana sa 'yar takardar tacewa a murfin ƙasa, ka ɗora shi kan kofi, ka zuba gari da ruwan zafi, ka juya, ka jira minti ɗaya zuwa biyu, ka danna a hankali har ka ji iska ta fara huci. Gahawar tana fita garau, ba guggubi, kuma AeroPress yana yafe kuskure: ko niƙan ya ɗan yi laushi ko ruwan ya ɗan huce, abin sha zai fito.

Amma abin da ya sa ya dace da mota shi ne abin da ke biyo bayan sha. Ka kwance murfin a bakin kwandon shara, ka ƙara tura madannin, sai garin da takardar su faɗo dunƙule guda, a matse, kusan a bushe. Fuskar robar kawai za ka goge ko ka ɗauraye da ruwan da bai kai rabin kofi ba. Ba abin da ya shiga bututun wanke-wanke. Aibinsa biyu ne. Kofi ɗaya yake yi a lokaci guda, kimanin mililita 250, don haka idan ku huɗu ne mai haɗawa zai sha nasa a ƙarshe. Sannan dannawa tana son kofi mai ƙwari da wuri mai ƙarfi. Kada ka yi a kan teburin naɗewa mai ƙafa ɗaya, ko a kofin takarda.

Idan kuna da yawa, mazurari da takarda ne maganin. Tsohuwar dabara ce: Melitta Bentz, wata matar aure a Dresden ta Jamus, ita ta yi mata rajista a 1908, bayan ta gwada da takardar shanye tawada daga littafin makarantar ɗanta. Yau akwai irin na Melitta mai ƙaramin rami a ƙasa, akwai Hario V60 na Japan mai babban rami. Ga matafiyi na fi son mai ƙaramin rami, domin shi da kansa yake riƙe ruwa, ba sai kana da buta mai siririn baki da hannu mai natsuwa ba. V60 yana iya ba da gahawa mai ƙamshi ƙwarai, amma yana son a zuba ruwa sannu-sannu cikin tsari. Ko wanne ka zaɓa, ka ɗauki na roba, ka bar na tangaran da na gilashi a gida. Ka ɗora mazurarin kai tsaye a bakin filas, gahawar ta sauka ciki, ka rufe. Direba ya samu ta sha har rana ta ɗaga ba tare da an sake kunna wuta ba. Wankewa kuwa ɗaga takarda ne da jefawa. Abin lura ɗaya: motar ta kasance a daidaice, domin mazurari cike da tafasasshen ruwa a bakin filas mai tsawo, a wurin da ya karkace, hatsari ne.

Tukunyar moka tana da masoya waɗanda ba sa jin kira, kuma na fahimce su. Kamfanin Alfonso Bialetti na Italiya ne ya fito da ita a 1933, mai kusurwa takwas, ta alminiyum. Ba ta neman buta, ita ce butar kanta: ruwa a ƙasa, gari a tsakiya, tururi ya tura ruwan ya bi ta garin ya taru a sama. Matsinta bar 1 zuwa 2 ne, na injin esfireso, wato gahawa mai kauri da ake matsowa da ƙarfi, kuwa kusan 9, don haka ba esfireso take bayarwa ba, amma gahawarta tana da kauri da ƙarfi, tana karɓar madara sosai. Ba ta fashewa ko da ta faɗo ƙasa.

Sai dai tana son a tsaya a kanta. Ruwa kada ya rufe ɗan bawul ɗin da ke gefe, garin kada a danne shi, wuta kuma ƙasa-ƙasa. Da ka ji ta fara gurguri tana tofar da kumfa mai haske, ka sauke, in ba haka ba ɗaci ya shiga. A murhun mota akwai wani abin da ba a faɗa a kwali: ƙarafan ɗora tukunya sukan yi wa gindin ƙaramar moka faɗi, ta riƙa tangaɗi, harshen wuta ya zagayo ya lasa mariƙin roba har ya narke. Ɗan zoben ƙarfe da ake ɗorawa kan murhu yana gyara wannan, ka saya tare. Ka kuma sani "kofi" a lissafin moka ɗan ƙaramin kofin Italiya ne. Mai kofi shida ba ta wuce mililita 300, kuma ba a yin rabi, sai a cika. Zagaye na biyu sai ta huce kafin ka iya kwance ta. Idan murhunka na indakshan ne, wato na lantarki mai zafafa tukunya da maganaɗisu, ta alminiyum ba za ta yi zafi ba, sai ta ƙarfe.

Tulun dannawa da ake sayarwa da sunan French press ya fi duka sauƙin koya: gari mai tsakuwa-tsakuwa, ruwan zafi, minti huɗu, a danna rariyar. Yana ciyar da mutane da yawa a tashi ɗaya. Duk da haka shi ne na ƙarshe a jerina na mota, saboda guggubin da yake bari jiƙe a gindin tulu. Ko ka kwashe da cokali sai ka ɗauraye, ruwan ɗaurayar kuma ya tafi da gari cikin siririn bututun motar, ya kwanta a tankin ruwan datti, ya toshe ko ya yi wari. Rariyar ƙarfe kuma ba ta tare man gahawa, wanda ke ɗauke da sinadarin kafestol mai ɗaga kolestarol. Takarda tana tare mafi yawansa. Wanda ya nace, ya sayi na ƙarfe mai bango biyu, ya ajiye 'yar rariya ta musamman don tace ruwan ɗauraya.

Fakoleta, butar da ruwa ke hawa ta bututu ya zubo kan gari, wadda masu zango a Amurka suka daɗe da ita, tana da ƙarko da girma, amma tana maimaita tafasasshen ruwa kan gari ɗaya, sai ɗaci ya yi yawa. Ƙananan famfunan esfireso na hannu irin na Wacaco suna aiki, sai dai kurɓi biyu suke bayarwa, da ƙananan sassa masu yawa da za a wanke. Gahawar gwangwani mai narkewa, irin Nescafé da kamfanin Nestlé ya fara sayarwa a 1938, ba abin rainawa ba ce. Ko me ka saya, ka ajiye ƙaramin gwangwani don ranar da ruwa ya yi ƙasa ko takarda ta ƙare.

Abin da ke kewaye da na'urar

Da ka kashe kuɗi a kan na'ura mai tsada, gara ka sayi mai sauƙi ka ƙara da abin niƙa na hannu mai haƙoran ƙarfe. Gahawar da aka niƙa tana rasa ƙamshi cikin kwanaki bayan an buɗe leda, ƙwayar kuwa tana jure makonni idan tana cikin gwangwani mai rufuwa, nesa da taga, domin mota a rana tana zafi fiye da ɗaki. Niƙa na kofi ɗaya, giram 15 zuwa 18, bai fi aikin minti ɗaya ba, kuma ba zai tashi na kwance kusa da kai kamar injin lantarki ba. Ma'aunin da aka saba shi ne giram 60 ga lita ɗaya. Ba dole ne ka ɗauki sikeli ba: ka auna sau ɗaya kafin tafiya, ka san cokali nawa ne, ka riƙe.

Buta ka nemi ta lita ɗaya, mai faɗin gindi, mai murfin da ba ya faɗuwa in an karkata. Ruwan da gahawa ke so digiri 90 zuwa 96 ne, wato ka sauke ka ɗan jira rabin minti. A kan tsauni ba sai ka jira ba, domin ruwa yana tafasa da wuri, zafin tafasarsa yana raguwa da kusan digiri ɗaya a kowace mita 300; a tsayin mita 2,000 yana tafasa a wajen digiri 93. Ruwan da ya kwana biyu a tankin mota kuma yakan ɗauki ɗanɗanon roba, kuma gahawa ba ta ɓoye shi. Jarka ta daban don ruwan sha, ko mataci a famfo, tana gyara kofi fiye da sauya na'ura.

Game da gas, idan tafiyarka za ta kai ka ƙasar sanyi, ka tabbata gas ɗin da ke tukunyar irin furofen ne, ba butan ba, domin butan yana daina tashi idan sanyi ya kusa digiri sifili, furofen kuwa yana aiki har ƙasa da haka nesa. Duk lokacin da ka kunna murhu ka buɗe taga ko murfin rufi, ka kuma sa na'urar da ke ƙara idan iskar kabon monoksaid ta taru, don ba ta da wari. Kada a dafa ruwa mota na tafiya, ko da wani ne ke tuƙi kuma hanya ta miƙe. Birki ɗaya ya isa ya watsa buta a jikin mutum.

Kafin ka tashi, ka sayi takardar tacewa fiye da yadda kake zato, ka sa ta a leda mai zik don kada danshi ya taɓa ta, domin girman da mazurarinka ke so ba lallai a same shi a hanya ba. Mai moka ya ɗauki robar murfi ta ajiya, ita ce takan fara mutuwa. Sauran kayan kuma ka naɗe kowanne a tsumman goge kwano, ka cusa su a akwati ɗaya da zai zauna daram a durowar ƙasa, kusa da murhu.