Battle for Wesnoth: wasan da ake kiwon soja

Ƙanena ne ya sa mini Battle for Wesnoth a tsohuwar kwamfutar shagona a Aboabo, yau wata huɗu ke nan. Kyauta ne, ko sidi ɗaya ban biya ba, kuma in an sauke shi ba ya neman intanet. David White ne ya fara fitar da shi a 2003. Bi-da-bi ake buga shi kamar dara, saboda haka in mai gyaran waya ya shigo sai in bar shi, in dawo in tarar da dakaruna inda na bar su.

Abin da ya riƙe ni shi ne yadda soja ke samun girma. Kowanne yana da ma'aunin gogewa. In ya gwabza da abokin gaba ɗan mataki na ɗaya bai kashe shi ba, maki 1 tak zai samu. In ya kashe shi kuwa, maki 8. Ɗan mataki na biyu, 16. Ashe ba yawan sara ba ne, wanda ya yi saran ƙarshe shi ke kwashe ladan. Da na gane haka sai salona ya sauya: manya su jigata maƙiyi, in kawo ƙaramin da nake reno ya ƙarasa shi, kamar yadda ake ware wa ragon layya dusarsa.

Mai mashi zinariya 14 ake ɗaukarsa. Ranar da ma'auninsa ya cika, sai a ba ka zaɓi uku: takobi, dogon mashi, ko jifa. Biyun farko suna kaiwa mataki na uku, mai jifa kuwa a na biyu yake tsayawa, don haka a yi tunani kafin a danna. Ƙarin girman kuma yana warkar da soja sarai. Wani dare bayan isha'i ina da mai mashi da jininsa ya kusa ƙarewa, saura maki 5 ya haura. Maimakon in janye shi zuwa ƙauye ya yi jinya, sai na tura shi kan wani Orc, irin dodannin da ke cikin maƙiya, da ya galabaita. Suka ta farko ta kuskure. Ta biyu ta shige. Nan take jininsa ya cika, ya koma mai takobi, ya tare gadar shi kaɗai har gari ya waye. Ƙanena na gefe, shayinsa ya huce a hannu, ya ce, "Yaya, wallahi da ni ne da na gudu da shi."

Wanda ya tsira kana iya kiransa a yaƙi na gaba da zinariya 20, kome girmansa, sai dai albashinsa na hawa da matakinsa.

Inda wasan ke ci mini rai shi ne sa'a. Harin mai sihiri kashi 70 cikin ɗari yake samu, amma na ga nawa ya kuskure sau uku a jere. A haka na rasa mai warkarwar da na yi mako biyu ina reno, cikin daren wasan, lokacin da ƙarfin Orc ke ƙaruwa da kashi 25. Ana iya komawa baya a sake buga zagayen. Ban koma ba. Washegari da na buɗe shago na ɗauki sabon mai sihiri, na ajiye shi bayan mai takobin nan, ina nema masa kisansa na farko.