Gwanin kwando: ya tafi NBA ko ya gama jami'a?

Ana yawan tambayata wanne ya fi wa ɗalibin Amurka da ya ƙware a ƙwallon kwando: ya bar jami'a ya tafi NBA, babbar gasar ƙwararrun 'yan kwando ta Amurka, ko ya zauna ya gama karatu.

Ta fuskar kuɗi, wanda aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen sabbin 'yan wasa da ƙungiyoyin NBA ke yi duk shekara yana da tabbacin albashin shekara biyu. Sai dai tun 2021 ɗalibai ma suna samun kuɗin talla, zama ba asara ba ce kamar da. Haɗarin zama rauni ne, gwiwa ta gurɗe farashi ya faɗi. Mai tafiya kuwa, gurbin bai wuce 60 a shekara ba.

Irin Zion Williamson, da ya bar jami'ar Duke a 2019 aka ɗauke shi na farko, tafiya ta dace da shi. Mai shakkar zagayen farko gara ya zauna. Ai Tim Duncan, tsohon tauraron NBA, shi ma shekara huɗu ya yi a jami'ar Wake Forest.