Kifin Parosphromenus a shagon kifin ado na Katsina

Shagon yana da tsabta, amma ba a riƙe wannan kifin yadda ya kamata ba. Ɗan mitsitsi ne, bai wuce santimita 4 ba. Asalinsa fadamun baƙin ruwa na tsibiran Borneo da Sumatra da ƙasar Maleshiya, waɗanda ake ƙafar da su don gonakin kwakwar manja. Ruwa mai tsami yake so, pH (ma'aunin tsamin ruwa) 4 zuwa 5, ga shi an zuba shi a ruwan burtsatse ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, har launinsa ya dushe. Ruwan sama ya dace da shi, da busasshen ganye a ƙasan tanki. Busasshen abinci ba ya burge shi, sai ƙananan halittu masu rai irin su tsutsar sauro. Kafin ku saya, ku tambayi mai shagon ko a tanki aka ƙyanƙyashe shi, ba daga waɗancan fadamun aka kamo shi ba.