Kantin likitan elbaj (likitan dabbobi) na wajen kasuwar Dole, ga masu kare

Masu tambaya ina ake yi ma kare allurar rigakafin hauka a nan Damagaram, akwai wani kantin maganin dabbobi can wajen kasuwar Dole, nan na kai namu na gadi.

Mutumin ya san aikinshi wlh. Bai taɓa karen ba sai da ya tambayi watanninshi, ya ce shi kwikwiyon da bai cika wata 3 ba ba ya yi mai. Maganin daga firijo ya ciro shi a gabana kuma firijon kan sola yake, duk wanda ya san yadda zafin Afrilu yake a garin nan ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, don maganin in ya sha zafi ya lalace. Ya rubuta kwanan wata a karne, wato katin rigakafin karen, ya buga hatimi ya ce baɗi a dawo. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba.

Inda ban ji daɗi ba wurin jira ne. Rumfa ɗaya tal, tumaki awaki kaji da karnuka duk a cakuɗe. Muna zaune wani saurayi ya shigo da ƙaton kare ba igiya ba sarƙa, wai "ba ya cizo", maganar da kowane mai kare ke yi kenan. Kan ka ce me ya yi kan akuyar wata dattijuwa, ita ko tana ta salati tana jan abarta. Likitan ya ce mai samari ɗaure shi ko ku fita. Yaron sai cewa ya yi ai a Turai sakinsu ake.

Eh akwai filayen da ake sakin karnuka a can, a Berkeley ta Amurka tun 1979 suke da shi, amma fili ne da shinge, yawanci ƙofa biyu ce sai ka rufe ta farko kake buɗe ta biyu, mai kare na tsaye idonshi na kan abinshi, kashin ma shi ke kwashewa a leda. Mu ko sai dare ya yi a buɗe gida a ce je ka, ya kwana yawon bola daga Birni har Zango, da asuba ya haɗu da almajirai a lungu. Hukumar lafiya ta duniya ta ce ciwon haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, kuma in alamunshi suka fito kusan ba a tashi.

Likitan ya jaddada mana in kare ya ciji mutum a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 a wuce asibiti ranar, kar a tsaya shafa toka, karen kuma a ɗaure shi a sa mai ido kwana 10.

In za ku je ku je da safe, ban da Alhamis don cikar kasuwa ba wurin tsayawa. Ku taho da igiyarku da takunkumi in kuna da shi, ba ya saidawa.