Lekki ko Salum: ina ya fi ga mai son kallon tsuntsaye?

Alhaji, ka ce bana kana da tafiya biyu, ɗaya Legas sarin kaya, ɗaya Kaulaha ziyara, kuma kana so ka ware lokaci ka ga kurmin bakin teku da tsuntsayensa, shin Lekki da ke Legas za ka nufa ko Salum da ke Senegal. In dai tsuntsaye ne a ranka, Salum. Amma ka ji dalili, don ba irin wuri ɗaya ba ne.

Gandun Lekki ƙarami ne, hekta 78, a tsakiyar gine-ginen Legas. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ita ta kafa shi a 1990. An shimfiɗa hanyar katako a kan fadama, kana tafe birai na bin ka, kuma in ka riƙe leda a hannu, to ka ɗauka ta zama tasu. Akwai kada, da kunkuru, da ɗawisu. Abin da ke jan jama'a shi ne gadar igiya da aka ɗaura ta saman itatuwa, tsawonta mita 401, tana lilo kana tafiya. Wurin ya dace da rabin wuni, musamman in da iyali. Sai dai yawancinsa kurmin fadama ne da fili mai ciyawa, kuma ranar Asabar da Lahadi hayaniyar masu ɗaukar hoto kan kori duk tsuntsun kirki. Mai son ganin wani abu sai ya yi sammako ranar aiki, kafin gosulo ya tare hanya.

Salum kuwa wata duniya ce. Nan ne kogin Salum ya rarrabu kafin ya shiga teku, ya bar tsibirai da rassan ruwan gishiri waɗanda mutanen wurin ke kira bolong. Senegal ta mai da shi gandun ƙasa a 1976, hekta 76,000, UNESCO kuma ta sa yankin cikin kayan tarihin duniya a 2011. Ba a yawonsa da ƙafa. Daga Kaulaha ka hau mota ta hanyar Gambiya zuwa Tubakuta, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, a can ka yi ciniki da mai kwalekwale.

Abin da baƙo ɗan tudu irinmu ba ya sani shi ne, a can teku ke tsara wuni. Sau biyu a rana ruwa ke cikowa ya janye. In ya cika, itatuwan kurmin kamar a kan ruwa suke zaune, ba ka ganin komai sai ganye. In ya janye sai saiwoyin su fito tsirara, dogaye, a bankare kamar ƙafafun gizo-gizo, laka ta bayyana, ƙaguwa su fito daga ramu, sannan tsuntsaye su sauko kiwo: zalɓe iri-iri, kwasakwasa, da ƴan ƙananan masu dogon baki da ke caccakar laka. A daidai lokacin ne kuma matan ƙabilar Serer ke shiga su ɓamɓaro katantanwar da ke manne a saiwoyin, su busar su kai kasuwa. Don haka kada ka ce wa mai kwalekwale "mu tashi da hantsi", ka tambaye shi yaushe ruwa zai janye. Dab da magariba ka sa ya kai ka tsibirin da balbelu ke kwana, ya kashe inji, ku jira su.

Ka kuma nemi ganin tuddan ɓawon katantanwa waɗanda mutanen zamanin da suka tara cikin ɗaruruwan shekaru. An ƙidaya 218, wasu har kukoki sun tsiro a kansu, wasu da kaburbura a ciki.

Lokaci ya fi kyau daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da tsuntsayen Turai suka gudo wa sanyi, sauro kuma ya yi sauƙi. In ziyararka ta faɗo cikin damina, za ka ga kore shar, amma baƙin tsuntsayen ba su iso ba.

Ta wajen kuɗi, Salum ya fi ci, don akwai hayar kwalekwale da kwana ko da ɗaya ne, sai dai sefarmu ce ake kashewa, babu canji. Lekki kuɗin ƙofa ne da na gada, da naira. Kuma tunda Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, a Janairun 2025, ko wacce za ka, ka tabbatar da takardunka tun daga Maraɗi.

Madubin hangen nesa kuwa, ka saye shi tun yanzu ka je tabkin Madarunfa da sanyin safiya ka saba da shi. Cikin kwalekwale mai rawa ba wurin koyo ba ne, kafin ka daidaita shi tsuntsun ya tashi.